Mai Lura Da Majalisa Ba Ya Karɓar Rawani

Muna rubuto wannan daga Ain Khalid, wata unguwa a gefen birnin Doha ta ƙasar Katar, inda mu ke koya wa yara karatun allo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata cuta da ke cin ƙungiyoyinmu a nan, wadda kuwa mun san ba baƙuwa ba ce a gida.

Ku sani a ƙasar nan zaman baƙon da ya zo neman abinci yana rataye da aikinsa. Ran da aiki ya ƙare, sai ɗaurin kaya. To, ga mutum goma sha biyu sun kafa asusu don jinya da taimakon iyalin mamaci, sun ɗora kome a kan mutum guda. Shi ke riƙe da littafi, shi ke raba faɗa, shi ke yanke magana. Ya koma gida, kafin wata uku asusu ya watse, 'yan'uwa sun daina gaisawa, mara lafiya kuwa yana kwance ba mai leƙa shi.

Turawa ma sun ga wannan cuta a cikinsu, har suka yi mata makaranta. Cikin 1957 Cibiyar Tavistock da Jami'ar Lesta ta Ingila suka fara wani taro, inda a ke raba mutane ƙananan majalisu, kamar goma ko goma sha biyu, a ba kowace majalisa mai lura guda. Ba ya wa'azi, ba ya ba da umurni. Aikinsa kurum shi ne ya faɗi abin da ya ga jama'a suna yi da shugabanci a wannan sa'a. Wani likita, Wilfred Bion, ya bayyana cikin littafinsa na 1961 hanyoyi uku da majalisa kan bi ta guje wa aikinta. Ko su jingina da mutum ɗaya kamar marayu, ko su nemi abokin gaba su yi ta faɗa ko gudu, ko kuwa su zuba wa mutum biyu ido suna jiran mafita ta fito daga gare su. Wane ne cikinmu bai zauna irin waɗannan majalisu ba?

Wanda zai zama mai lura sai an hore shi. Ya kan fara zama ɗan majalisa tukuna, sa'an nan a sa shi lura ƙarƙashin wanda ya riga shi, bayan an tashi su bi abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye. A kan koya masa ya zauna kan lokaci, ya tashi kan lokaci. Abin da ya fi wuya shi ne jama'a za su miƙa masa rawani, in ya ƙi karɓa su yi fushi da shi, shi kuwa ya daure ya nuna musu abin da su ke yi.

Mu malaman allo wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Da mun zauna taro sai a ce, "Malam, abin da ka ce shi ke nan." Maganar da daɗin ji, amma zuma ce da harbi. In hukuncin shari'a ne, wajibinmu ne mu faɗa. Amma nawa za a riƙa zubawa a asusu, wa zai riƙe littafi, wannan shawara ce ta jama'a, kuma in malami ya yanke ta shi kaɗai ya raunana su. Ai ko gardi ba ya iya riƙe makaranta sai malam ya kan ja gefe ya bar shi da yara.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkami don su san haddin mai mulki da wajibcin shawara. Mutanen Kumasi kuwa ba su manta da Malam Salau ba, wanda ya zama Sarkin Zango cikin 1919, aka tuɓe shi cikin 1932 bayan rigima, kujerar ta daɗe ba kowa a kanta.

Saboda haka muna roƙon dattawa, kowace ƙungiya ta ware mutum biyu masu haƙuri, waɗanda ba su riƙe da kuɗi ko muƙami, su koyi wannan lura. In an zauna, ɗayansu ya yi shiru yana duba, in ya ga an karkata ya ce, "Jama'a, ga shi duk mun koma kallon mutum ɗaya." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya haɗa kanmu, ya sa mu dace, amin. Wassalam.