Sarauniyar Da Karatu Ya Ɗauke Wa Hankali

'Yar'uwa, in kina cikin masu kwana da littafi ƙarƙashin matashi, zo mu tattauna kan wani ɗan littafin raha, The Uncommon Reader, na marubucin Ingila Alan Bennett, wanda ya fito a 2007. Ƙagaggen labari ne kan marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Karnukanta ne suka ja ta zuwa motar aron littattafai a harabar fada, ta ari guda don kara kawai. Shi ke nan, karatu ya shiga ranta.

Na sha dariya, musamman yadda hankalin fadawa ya tashi, har suka yi dabarar raba ta da Norman, yaron kicin da ke zaɓo mata littattafai. Na kuma ji daɗin yadda karatu ya sa ta fara lura da damuwar ma'aikatanta.

Amma ƙarshen labarin ya tsaya mini a rai. Da ta ƙudurta fara rubutu, sai ta nuna za ta sauka daga gadon sarauta. Wato alƙalami da nauyin da ke wuyan mace ba sa zama inuwa ɗaya ke nan? Ai wannan ce hujjar masu cewa littafi na shagaltar da matar aure. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi aure, ta haihu, ta koyar da mata, kuma ba ta ajiye alƙalami ba.

Ki karanta ki nishaɗantu, 'yar'uwa, amma kada wani ya ce miki sai kin zaɓi ɗaya.