Akwatin Da Ya Ƙi Karɓar Sunan Ƴarsa

Ranar wata kasuwar Dakoro, bayan la'asar, ina zaune ƙofar gida ina gyaran takardun ɗalibai, sai ga wani dattijo maƙwabcinmu ya yi sallama, waya a hannu, zufa na keto masa. Ƴarsa ta ci jarrabawar BEPC, an ce ta cike wata takardar neman tallafin karatu ta cikin waya, kuma washegari za a rufe. Yarinyar tana ƙauye wajen kakarta can gefen Kornaka, inda sai an hau tudu ake samun rezo, don haka aikin ya faɗo kansa. Mutumin ya yi lakwal har aji shida a zamaninsa, kuma shi ke riƙe da lissafin shagonsa shekara da shekaru.

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Mushe, duba mini. Ko dai idona ne ya mutu, ko kaina."

Na ce, "Baba, ku sake yi a gabana in gani."

Ya taɓa ɗan akwatin da ake rubuta suna. Allon haruffa ya taso daga ƙasa, ya cinye kusan rabin fuskar wayar, ya rufe akwatin ruf. Dattijo yana ta dannawa a makance, kamar mai shuka cikin dare. Da muka sauke allon, sai muka tarar wayar ta gyara masa rubutu, ta mai da sunan mahaifiyar yarinyar wata kalmar Faransanci. Muka goge. Sunan yarinyar kuma yana da ɗan waƙafin nan na sama, irin na Asma'u ko Sa'adatu. Yana rubuta shi sai akwatin ya yi ja, wai sunan ba daidai ba ne. Wajen lambar waya, maimakon lambobi manya su fito, haruffa ne suka sake fitowa. Daga ƙarshe mun cike komai, amma madannin aikawa yana ɓoye ƙarƙashin allon, kuma ko ina ka taɓa allon ba ya sauka, sai da na latsa alamar komawa baya.

Mun aika, bayan mun kwafi sunan yadda yake a takardar haihuwa, da rubutun Faransanci. Dama haka ya kamata a takardar hukuma, sai dai babu inda manhajar ta faɗa. Da zai tashi ya ce, "Ka gani, mu da ba mu yi karatu ba sai dai haƙuri. Ko waya ba ta san sunan da na raɗa wa ƴata ba." Wannan magana ta kwana da ni.

Da aka yi hutu, wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ya zo gaishe ni. Na ba shi labarin, ya yi dariya ya ce, "Malam, duk abin da ka lissafa aikin wanda ya gina manhajar ne." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Idan ka taɓa akwatin rubutu, wayar ce ke ɗago allon haruffa, amma mai manhaja ne zai umarci shafin ya matsa sama don akwatin ya kasance a bayyane. Shi ne zai faɗa wa akwatin irin allon da zai kira, na lambobi ko na haruffa. Shi ne zai kashe gyaran rubutu a gurbin suna, ya kuma sa allon ya sauka idan an taɓa gefe. Haruffan da akwatin zai karɓa ma shi ke zaɓa, kuma da yawa daga A zuwa Z kawai suke yarda da su. Ya ce Google da kansa yana ba masu manhaja shawara kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9, don yatsa ya same shi. Na tuna babban yatsan dattijon nan da hauya ta ƙeƙasar, da ɗan gurbin da bai kai ƙwayar wake ba. Wanda ya gina abin ya gwada shi a babbar wayarsa, da nasa sunan, ya ga lafiya lau. Ƙaramar itel ɗin da ke hannun mutanenmu ba ta zo masa a rai ba.

Na ji daɗin samun wanda zan ɗora wa laifi. To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a yi mako biyu ba wani uba ya turo saƙo a zauren WhatsApp na iyayen ajinmu: "Malam kudin littafi ya bata." Na karanta shi a matsayin "ya ba ta", wato wan yarinyar ya miƙa mata kuɗin. Da safe na tsare ta ina tambayar kuɗi, har ta yi kuka a gaban ƴan aji. Ashe uban cewa yake kuɗin ya ɓata a hanya, a yi musu haƙuri. Rashin ƙugiya ɗaya a kan harafi ya sa na zargi ƴar mutane. Da na koma na duba saƙonnina na baya a zauren, ni ma ban taɓa sa ƙugiya ba ko sau ɗaya. Ni da ke jan biro ja a littafin yaro idan ya rubuta kafa a wurin ƙafa, ko baki a wurin baƙi, ni ne ke rubuta wa ubansa haka kullum dare.

Waɗannan haruffa ba ado ba ne, kuma ba jiya aka samo su ba. Tun shekarun 1930 aka soma amfani da ɓ da ɗ da ƙ a littattafan Hausa da ake tsarawa a Zariya. A 1966 masana sun zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO kan yadda za a rubuta harsunan yankinmu, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Oktoba na 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa, wadda ta tabbatar mana da ƴ, inda ƴan'uwanmu na Najeriya suka saba rubuta 'y. A 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Duk wannan wahala ta magabata, allon waya na neman shafe ta a hannunmu ba tare da kowa ya yi shawara ba.

Yadda muka saba da zubar da ƙugiya ma yana da dalili. Wayoyi masu madannai da muka fara riƙewa ba su da haruffan sam. Kuma saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan na cikin jerin da aka tsara wa harsunan Turai, inda é da à na Faransanci suka samu gurbi. Da zarar ka sa ƙ guda ɗaya, saƙon ya koma harafi 70. Rubutu mai harafi 150 da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya zama uku, a cire maka kuɗin uku. Talaka bai yi wauta ba da ya ajiye ƙugiya. Sai dai a WhatsApp da Facebook babu wannan haraji, dalilin ya wuce, sabon ne ya rage.

Don haka ƴan'uwana malamai da iyaye, ga abin da na soma yi, ko wani zai ga amfaninsa. Na shiga saitin allon Gboard, wajen harsuna, na ƙara Hausa. Yanzu idan na danna k na riƙe, ƙ na fitowa, haka b da d da y, kuma wayar ta rage mai da kalmomina Faransanci. Aikin bai kai minti biyar ba. A taron iyaye na ƙarshe na roƙi a ba ni rabin awa, muka saita wa duk wanda ya zo da babbar waya. Na kuma koya musu abu uku: idan allo ya rufe akwati a latsa alamar komawa baya sau ɗaya a duba abin da aka rubuta, a karanta suna harafi-harafi kafin a aika, a kuma ajiye takardar haihuwa a gefe duk sanda ake cike takardar hukuma.

Ga ƴaƴanmu masu koyon gina manhaja a Maraɗi da Yamai da Kano, roƙona kaɗan ne. Kafin ku saki aikinku, ku miƙa wa mahaifinku shi a tasa wayar, ku yi shiru ku kalli yatsansa. Ku rubuta Ɗanladi da Asma'u a gurbin suna ku ga ko zai karɓa. Ku tuna lambar wayar Nijar guda 8 ce, ta Najeriya 11, kuma Bahaushe yana kowane gefen iyaka.

Dattijon nan shi na fara saita wa. Na ce, "Baba, ku danna nan ku riƙe." Ya danna, ɗ ta fito. Ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta sunan ƙauyensu yadda ake faɗinsa, ya tura wa ƴarsa. Ya ce, "Ashe tana ciki, ɓoye ta aka yi."

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.