Firintar rezin a shagon haɗaka

1/ Mu shida ne muke haɗa kuɗin hayar shago ɗaya, firintar 3D ta rezin kuwa ɗaya ce tal, Elegoo Mars. Bari in ba ku ɓangaren da masu bidiyo ba sa nunawa.

2/ Rezin ruwa ne mai kauri kamar zuma. Ana zuba shi a ɗan tanki mai gindin roba garau, hasken UV daga sikirin ɗin ƙasa yana daskarar da shi falle-falle, kowane kusan 0.05mm. Ƙaramin abu ma sai ya ci awanni.

3/ Rigimar tana farawa in aiki ya lalace. Guntun da ya daskare ya maƙale a gindin tanki, mai shi ya sulale bai tace ba. Na bayansa ya danna, farantin ƙarfe ya sauko ya danne guntun, roba ta huje, rezin ya malalo kan sikirin. Sati uku muna jiran sabo daga waje, kowa na rantsuwa wallahi ba shi ba ne.

4/ Ɗanyen rezin yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, in jiki ya ƙi shi kuma da wuya ya sake karɓa. To me ye amfanin safar hannunka in da ita ka kama ƙofa?

5/ Sifirit ɗin wanki ba na kwata ba ne. Kwalba, a ajiye a rana, dattin ya daskare, a tace.

6/ Yanzu akwai littafi kusa da injin: suna, lokaci, ka tace ko ba ka tace ba.