Unagi: Kifin Turke da Ba Shi da Garke

A ƙarshen watan Yuli, sa'ad da zafi da gumi suka kai maƙura a Japan, akwai ranar da ake kira Doyo no Ushi, ranar da mutane ke yin layi a ƙofar gidajen abinci don cin unagi. Kifi ne dogo mai santsi kamar maciji, wanda Bahaushe zai iya ɗauka gaiwa ce, ko da yake ba dangi ɗaya suke ba. Ba a cin sa ɗanye, domin jininsa na da guba sai ya ji wuta. Ana tsaga shi a cire ƙaya, a soke shi da tsinke kamar tsire, a gasa a kan gawayi ana tsoma shi cikin romon waken soya da sukari da mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa, sannan a ɗora a kan farar shinkafa. Wannan gashi shi ne kabayaki. A Tokiyo ta baya ake tsaga kifin, a turara shi tsakanin gashi biyu; a Osaka kuwa ta ciki ake tsagawa, babu turare. Ana cewa jarumawan samurai na tsohuwar Tokiyo ne suka ƙi tsagar ciki saboda tana tuna musu da farke ciki na kisan kai, amma wannan hira ce ta bakin murhu.

Cin kifin kogi a Japan ya daɗe, kuma yana da dalili. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji a wani sashe na shekara, ƙyamar nama kuma ta ci gaba har zuwa 1872, lokacin da Sarki Meiji ya ci naman sa. Mazauna tsaunuka da ke nesa da teku sai suka dogara ga abin da ke kogi da tafki, kowane yanki da nasa. A Kogin Nagara na Gifu ana kama ayu da dare, da wutar itace a goshin kwalekwale da tsuntsayen nutso da aka ɗaure wa wuya don kada su haɗiye kamun, daga Mayu zuwa Oktoba kawai. A bakin Tafkin Biwa ana cusa kifin nigorobuna cikin gishiri da dafaffiyar shinkafa na tsawon watanni har ya yi tsami da wari, shi ne funazushi, kakan sushin da duniya ta sani yau. Mutanen Saku na Nagano suna kiwon kifin koi a gonakin shinkafa. Unagi ɗaya ne cikin waɗannan, mai tsada, na ranar musamman. Abin da ya jefa shi cikin hatsari shi ne fitar da shi daga wannan sahu, aka mai da shi abincin kullum da ake saya a leda a kanti.

Mai kare wannan kasuwa zai ce ai kusan duk unagin da ake ci na kiwo ne, daga Kagoshima da Aichi da Miyazaki da gefen Tafkin Hamana, ko kuma daga Chaina da Taiwan. Kalmar kiwo ce ke ruɗar mutane a nan. Abin da ake yi turke ne: a samo ƙarami, a ɗaure, a ciyar har ya yi ƙiba. Sai dai mai turke rago ya san akwai garke a wani wuri da ke haihuwa, shi kuwa unagi babu mai riƙe da garkensa. Yana yin ƙwai ne a cikin teku kusa da tsibiran Mariyana, fiye da kilomita 2,000 daga Japan, wurin da masanin nan Katsumi Tsukamoto da tawagarsa suka shafe shekaru suna nema kafin su samu ƙwan a 2009. 'Ya'yan na bin igiyar ruwa na kusan rabin shekara, su iso bakin koguna cikin hunturu, sirara, garai-garai kamar gilashi. A nan masunta ke tare su da fitila da koma cikin dare, a sayar wa masu tafkuna. Duk wanda aka turke ba zai koma teku ya hayayyafa ba.

Alƙaluma sun nuna inda hakan ya kai. A farkon shekarun 1960 ana kama fiye da tan 200 na waɗannan 'ya'ya a Japan a shekara guda. A 2019 bai kai tan 4 ba. Kilo ɗaya ya sha wuce yen miliyan 2, shi ya sa ake ce musu farin lu'ulu'u, kuma inda kuɗi ya kai haka ba a rasa kamun sata da fasa-ƙwauri. Wajen shekarar 2000, lokacin da arha ta fi yawa, Japan ta ci kimanin tan 160,000 na unagi a shekara, kuma wani kaso na wannan unagin Turai ne da aka turke a Chaina, har Tarayyar Turai ta hana fitar da nata a 2010. Ma'aikatar muhalli ta Japan ta sa unagi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2013, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bi sahu a 2014.

Akwai masu cewa laifin ba na ciki ba ne, na madatsun ruwa ne da kankaren da aka shafe gaɓar koguna da shi, da sauyin igiyar teku. Suna da gaskiya, kuma nigorobuna shaida ce, domin shi baƙin kifaye na Amurka da aka saki a Biwa da lalacewar ciyayin gaɓa ne suka rage shi. Amma wannan hujja kan mai ita take komawa. Idan kogi ya riga ya ƙuntata, kama ɗan abin da ya tsira ya fi muni. Yarjejeniyar 2014 tsakanin Japan da Chaina da Taiwan da Koriya ta Kudu ta ba Japan iyakar tan 21.7 na 'ya'yan unagi da za ta zuba a tafkuna, adadin da a shekarun ƙaranci ko kusa ba a kaiwa, wato shinge ne da aka kafa nesa da gona. Batun al'ada ma haka yake. Gaskiya ne tun ƙarni na 8 kundin waƙoƙin Man'yoshu ya ambaci unagi a matsayin maganin ramar bazara, amma na kogi ya fi maiƙo a kaka, kuma ana danganta ranar Ushi da dabarar talla ta wani masani, Hiraga Gennai, a ƙarni na 18. Al'adar rana ɗaya ba ta isa ta zama kariya ga cin kwana 365 ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta ɗakin bincike. A 2010 masanan hukumar binciken kifi ta Japan sun yi nasarar samar da unagi daga ƙwai zuwa ƙwai ba tare da taɓa teku ba, kuɗin samar da ɗa guda kuma ya sauko daga wajen yen 40,000 a 2016 zuwa kusan 1,800 a 2023. Ci gaba ne na gaske, amma har yanzu ya ninka farashin na teku, kuma tafkunan ƙasar na buƙatar kusan 'ya'ya miliyan 100 a shekara. Kafin a cike wannan giɓi, masu bincike a Jami'ar Kindai sun gwada wata hanya: kiwon tarwaɗar Japan da abinci da ruwa na musamman har ta rabu da ƙarnin taɓo, a gasa ta kabayaki. Ita tarwaɗa a tafki take haihuwa.