Turanci Huɗu a Aji Ɗaya

Na shiga sakandaren kwana a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulki, a wani gari na lardin Katsina, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Makarantu sun yawaita, malamai sun yi ƙaranci, saboda haka gwamnati ta riƙa ɗauko su daga duk inda ta samu. Mai koya mana lissafi Ba'indiye ne. Na kimiyya mutumin Gana ne. Na labarin ƙasa ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu. Na huɗunsu wani dattijo ne Bahaushe, malamin Turanci, wanda kowa, har shugaban makaranta, Malam kawai yake ce masa.

Duka huɗun Turanci suke yi mana, amma kunnenmu ya ƙi yarda cewa harshe ɗaya ne. Kalmar "work" kaɗai ta ishe mu rigima. Mutumin Gana ya ce "wek", ɗan bautar ƙasa ya ce "wok", Ba'indiyen ya fara ta da wani sauti mai kama da "v" ya kuma karkaɗa harshe a tsakiya, mu kuwa "wak" muka zo da ita daga firamare. Da dare a ɗakin kwana sai gardama ta kaure a kan wane ne mai gaskiya, kowa yana kare malamin da ya fi so.

Ga kuma dokar hana Hausa. Duk wanda aka ji ya yi ta, sai a rubuta sunansa, ranar Asabar ya wuni yankan ciyawa ko ɗiban ruwa. Idan ya buɗe baki da Turanci kuma, manyan ɗalibai su kwaikwayi yadda ya ce "fiful" a maimakon "people", a yi ta dariya. Na ga yara masu kaifin basira, mahaddata izu goma da ashirin, sun zama kamar bebaye zango guda cur. Har yau ban ga abin da dokar nan ta koya wa kowa ba sai yin shiru.

Malam shi kaɗai ne yake karya ta a fili. Yakan ce malaman da suka koyar da shi 'yan Kwalejin Katsina ne, wadda aka kafa a 1921, inda aka ɗauki iya furta Turanci da muhimmanci ƙwarai. Can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, mutumin da daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Duk da wannan gado, da Hausa Malam yake buɗe darasin furuci.

Ranar da ya zo kan "th", ya rubuta "think" da "this" a allo, ya ce mu karanta. Aji ya amsa da "sink" da "zis". Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Samari, wa ya yi Islamiyya a cikinku har ya taɓa tajwidi?" Hannuwa kaɗan suka tashi. Ya kira ɗaya ya ce ya furta harafin nan mai ɗigo uku na farkon "summa", yadda malamin tajwidi yake so. Yaron ya ɗora kan harshensa a gefen haƙoran sama ya fitar da shi tsaf. Malam ya ce, "To, ka riga ka iya. Shi ne a farkon think." Ya sa shi ya furta zal ta cikin "allazi", ya ce ita ce a farkon "this". Sai aji ya ɗauki hayaniya, kowa yana turo harshe yana gwadawa. Abin da muka ɗauka na Turawa ne su kaɗai, ashe yana nan cikin karatun da muke yi tun muna 'yan ƙanana.

Haka ya bi da "f" da "p". Ya nuna mana cewa "f" ta Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take zamewa tsakanin "f" da "p" har da "h", kamar yadda wasu ke cewa "fuɗu" wasu "huɗu". Ta Turanci kuwa irin fa'un ta Larabci ce, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Don "p" sai ya ba kowa guntuwar takarda ya riƙe a gaban baki: a rufe leɓɓa gam, a sake su, takarda ta yi tsalle. Don "v" kuma mu ɗora yatsa a maƙogwaro mu yi "f" har mu ji yana rawa. Muka yi makonni muna "pan, fan, van, ban" kafin a fara kowane darasi.

Inda muka fi shan wuya shi ne baƙaƙen da ke cunkushe ba wasali a tsakani. Hausa ba ta son haka, shi ya sa kakanninmu da suka ari kalmomi suka gyara su zuwa burodi da sukurudireba da asibiti. Malam ya hana mu yi wa waɗannan dariya. Ya ce sun zama Hausa, kuma daidai suke a bakin kowa. Amma idan Turanci za ka yi, kada ka cusa wasali a "street" ko "desks". Ya kuma nuna mana inda Hausa ta ba mu rinjaye. Wanda ya bambanta gari na mutane da gari na tuwo ba zai kasa jin bambancin "ship" da "sheep", ko "live" da "leave" ba. Wanda ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya da karin murya kaɗai, zai gane dalilin da ya sa "record" take suna idan an danna gabar farko, take aikatau idan an danna ta biyu.

Ƙamus uku ne suke yawo a ajinmu. Akwai ɗan ƙarami na Michael West da kusan kowa ya zo da shi a akwati. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fito a 1965, mai ba ka ma'ana nan take cikin harshenka. Sai babban, na A. S. Hornby, bugu na uku na 1974, da Malam yake shigowa da shi a hammata. Ya gaya mana cewa Hornby a Japan ya koyar da Turanci, kuma don baƙin harshe irinmu ya tsara littafin. A cikinsa muka koyi karanta alamomin furuci, muka gano cewa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka wajen 44, kuma akwai haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar a "knife" da "island" da "listen". Daga ranar gardamar ɗakin kwana ta sami alƙali.

Amma Malam bai yarda a tsaya ga ma'ana ba. Yakan ce kalma kamar baƙo ce, ba ka san ta ba sai ka san da wa take tafiya. Dole ka kwafi jimlar misali tare da ita. A nan ne ya fi daɗewa, domin a nan Hausa take shigowa cikin Turancinmu ba sallama. Muna da "ara" guda ɗaya, su suna da "borrow" ga mai karɓa da "lend" ga mai bayarwa. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha rake, wasu su sha taba, su kuwa kowanne da aikatau ɗinsa. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Turanci, kuma "hear" ta farkon kaɗai ta ɗauka. Ya nuna mana 'yar alamar da Hornby ke sawa a gaban sunayen da ba a ƙirgawa, don kada mu ƙara "s" a "furniture" ko "advice".

Batun "sorry" ya bambanta. Mu idan mutum ya yi tuntuɓe sai mu ce masa "sorry", muna nufin sannu. Malam ya ce Bature zai iya ɗauka kana ba da haƙuri ne a kan laifin da ba ka yi ba. Ya ce mu san wannan, amma kada mu daina faɗa a gida, domin tausayi ne kuma kowa a ƙasar nan ya fahimta. Na tuna da shi a Janairun 2020, da babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, ciki har da "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood".

A Janairun 1983 gwamnati ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar, mafi yawansu 'yan Gana. Malaminmu na kimiyya bai ƙarasa zangon ba. Shi ne abokin gardamar Malam a ofishin malamai, inda sukan buɗe ƙamus ɗin furuci na Daniel Jones su yi ta ja-in-ja a kan kalma ɗaya har a kaɗa ƙararrawa. Ranar da zai tafi ya shigo ajinmu ya miƙa wa shugaban aji littafin, ya ce namu ne. Da yawanmu sun yi hawaye.

Daga baya ni ma na zama malamin Turanci. Yanzu furuci yana cikin jarrabawar kammala sakandare, tambayoyi 60, amma ba da baki ake amsa su ba. Ina samun ɗaliban da ke cinye su kusan duka, su nuna maka alamar sautin farkon "think" ba kuskure, amma idan ka ce su faɗi kalmar sai su sunkuyar da kai. Wayoyinsu suna furta musu kowace kalma, da muryar Ingila da ta Amurka. Yawancinsu kuma sun fi mu sanin tajwidi nesa ba kusa ba, don Islamiyyu sun cika gari. Duk ajin da na karɓa, nakan keɓe minti goma na farkon darasi, a rufe littattafai, kowa ya tashi ya faɗi kalma da bakinsa, ni kuma in yi bayanin inda harshe da leɓe za su zauna da Hausa.