In Kiɗa Ya Sake

A shekarar 2025 kwalejinmu ta tura ni gwajin koyarwa wata makarantar firamare a Fezzan, tsohuwar unguwar nan ta Maiduguri wadda ta ci sunan ƙasar Fezzan ta kudancin Libiya, inda fataken Larabawa su ke fitowa a zamanin da. Tun da ruwan Alau ya ɓalle ya ci gari a watan Satumba na 2024, rijistocin makarantar na takarda suka jiƙe suka lalace. Saboda haka sunayen yara da makinsu duk suna cikin kwamfuta, a wani rumbun ajiya da ake kira MySQL.

Ana saura kwana uku a ba da hutu, sai mai kula da babbar na'urar ajiya ya sabunta rumbun daga 5.7 zuwa 8.0, don masu shi sun daina kula da tsohon tun watan Oktoba na 2023. Ya gama ya yi tafiyarsa. Da gari ya waye muka nemi sakamakon jarrabawa, na'ura ta ƙi. Abin da ta ke nunawa kaɗai shi ne lamba 1064 da wani dogon Turanci.

Hedimasta ya kira ni, ya ce, "Malam, an ce ka taɓa kwamfuta. Jibi iyayen yara za su zo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai in gwada."

Ba na ɓoye muku, da farko niyyata in share kome in sake ɗorawa. Da na yi haka, da wahalar yara ta wata uku ta bi ruwa kamar rijistocin bara. Sai na tuna da malaminmu na lissafi a makarantar mishan, wanda ya kan ce kada yaro ya ɗauki alƙalami sai ya karanta tambaya sau biyu. Na fara kwafe rumbun duka na adana, sa'an nan na zauna na karanta dogon Turancin nan a tsanake.

Ashe lambar nan ma'anarta ita ce rumbun bai gane jimlar da aka yi masa ba, har ya nuna daidai inda ya yi tuntuɓe, watau wajen kalmar "rank". Wanda ya tsara manhajar makarantar da wannan kalma ya raɗa wa layin da ake rubuta wa ya zo na ɗaya, wa ya zo na biyu. Tsohon rumbu bai damu ba. Sabon kuwa ya keɓe kalmar don wani aiki nasa na jera lambobi, in ya ji ta sai ya zaci umarni ne. Makin yara na nan lafiya, ko ɗaya bai ɓace ba.

Na sake wa layin suna, na sa masa "matsayi", na bi manhajar na gyara duk inda tsohon sunan ya ke. Kafin la'asar sakamako ya fito. Hedimasta ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam, ashe Hausa ta ke so!"

To, 'yan'uwana masu shirin fita gwajin koyarwa, in na'ura ta yi muku gardama, ku fara kwafe abin da ke ciki, sa'an nan ku karanta kukanta har ƙarshe. In kuma za a sabunta ta, ku roƙa a jinkirta sai yara sun karɓi sakamako sun tafi gida.