Tsohon Akwatin Wuta a Bukuru

A hutun Disamba na sauka a Bukuru, kudu da Jos, a gidan gwaggona. Duk wanda ya bi hanyar nan zai ga tarin jar ƙasa da manyan kududdufai, ragowar haƙar kuza. Kuzar nan ce ta kawo lantarki wannan ƙasa da wuri, gama tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya riƙa ba injunan haƙa wuta daga ruwan Kurra.

Gidan gwaggo na ma'aikatan kuza ne na dā, mai kaurin bango da rufin kwano. Sanyin hunturu a can ba wasa ba ne. Da asuba yara suka jefa hita cikin bokiti, wata kuma tana guga, firji yana aiki. Sai na ji ƙaurin roba. Na bi shi har bayan ƙofa, inda na tarar da akwatin fis a kan allon katako, ya yi baƙi, da ɗumi kamar an sauke tukunya.

Na kashe babban makunni, na zare fis ɗaya na tangaran. Maimakon siririyar wayar da aka yi dominsa, jan ƙarfe ne mai kauri aka naɗa.

"Gwaggo, wa ya sa wannan?"

"Ɗana, waccan kullum tsinkewa take yi. Wannan kuwa shekara uku ba ta dame mu ba."

To, mai karatu, tsinkewar nan ita ce aikin fis. An yi shi da rauni da gangan, domin idan kaya sun yi yawa ya narke kafin wayar cikin bango ta yi zafi. Na fitilu yakan zama amfiya 5, na soket 15 ko 30. In ka ƙarfafa shi, zafin sai ya koma cikin silin, inda robar wayoyin dā ta bushe tana marmashewa. Waɗanda suka ja wayar gidan nan kwan fitila da rediyo kaɗai suka sani.

Fis kuma, ko mai kyau ne, ba ya ceton yaron da ya tsoma hannu a ruwan hita. Akwatin zamani yana da bireka, da wani makunni mai yanke wuta nan take idan miliamfiya 30 ta zurare ta jikin mutum.

Gwaggo ta yi gunaguni a kan kuɗin. Muka raba shi da 'ya'yanta, ƙwararren mai gyaran wuta ya zo ran Litinin. Kafin nan a murhu muka dafa ruwan wanka.